Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Ɗaukar Nauyin Digirin Digirgir Kan Diyyar Dukiyar Da Yaƙi Ya Ci

Ranku ya daɗe, shugabannin gidauniyoyi da kwamitocin jami'o'i masu raba tallafin bincike,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. A 'yan shekarun nan ina yawan cin karo da sanarwarku, cewa ana neman ɗalibi, za a biya masa kuɗin makaranta, a ba shi alawus na shekara uku ko huɗu, ya zauna ya binciko yadda fararen hula ke neman diyyar gidajensu da gonakinsu da shagunansu bayan yaƙi ya lafa. Duk lokacin da na ga irin wannan sanarwa raina yakan yi fari, domin fage ne da aka daɗe da bar wa lauyoyin gwamnatoci su kaɗai. Allah ya saka muku da alheri. Sai dai in na karanta bayanin aikin har ƙarshe, kusan kullum abu ɗaya nake tararwa: ɗalibin zai shiga ma'adanar takardu, ya buɗe fayil-fayil na masu da'awa, ya karanta hukunce-hukunce, ya rubuta kundi. A nan ne nake da magana.

Ni malami ne, ina duba kundin ɗalibai, na kuma san daɗin zama da tsohuwar takarda. Amma ba da rigar malanta na ɗauki alƙalami yau ba. Tun kafin in fara shiga aji, na yi wata takwas ina tafinta a teburin karɓar da'awa na wata hukuma, a wani gari da yaƙi ya bi ta kansa. Ba zan ambaci garin ba, ba zan ambaci hukumar ba, don ba ƙarar kowa na kawo ba. Ma'aikatan nan mutanen kirki ne, fom aka ba su, fom suka cika.

Fom ɗin shafi huɗu ne. A shafi na uku akwai wani gurbi da aka rubuta wa "hujjar mallaka", kuma a wannan gurbin yawancin mutane suke tuntuɓe. Wata safiya wata mata ta zauna a gabanmu, za ta kai shekara hamsin, tela ce. Ta buɗe jakarta ta ajiye abu biyu a kan tebur: mabuɗin ƙofa, da wani ɗan ƙarfe da ya yi baƙi da hayaƙi, wanda ta ce na jikin keken ɗinkinta ne, a cikin toka ta tono shi. Ta lissafa abin da ta rasa ba tare da ta yi in-ina ba: keke biyu, gado, yadudduka na mutane da ta karɓa ba ta kai ga ɗinkawa ba, wanda har ranar masu su suna bin ta. Jami'in ya ce da ni, "Tambaye ta ko tana da rasit." Na tambaye ta. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, rasit yana cikin akwati, akwati yana cikin ɗaki, ɗakin kuma kai ma ka bi ta layin, ka ga abin da ya zama." Gidan haya ne, da sunan mijinta aka kama, mijin kuwa yana cikin waɗanda ba su dawo ba. Jami'in ya yi shiru, ya rubuta kalma biyu a gurbin, na leƙa na gani: babu hujja. Ta tambaye ni me ya rubuta. Na ce mata ya rubuta za a duba. Wannan ƙaryar tana nan a wuyana har yau.

Abin da ya sa na kawo labarin shi ne wanda ya biyo bayanta a layi da kamar mutum shida. Mai gidan da take haya ne. Shi ma ya yi asara, ban raina tasa ba, gida uku ya rasa. Amma shi kwafin takardun filinsa yana ofishin ƙasa a babban birni, inda wuta ba ta kai ba. Fayil ɗinsa ya yi kauri kafin mako ya zagayo: taswira, hatimi, ƙiyasin injiniya. To ku ɗauka yau, bayan shekaru, ɗalibinku ya shiga ma'adanar wannan hukuma da alawus ɗinku a aljihu. Zai tarar da mai gida a shafi arba'in, zai tarar da tela a shafi huɗu in ma ba a zubar da nata ba. Maƙwabtanta kuwa, su goma ko ashirin da ta koma ta ba su labarin yadda ta kaya suka ce ba sa ɓata kuɗin mota, ba zai same su ko a layi ɗaya ba. Zai rubuta kundi mai kyau, a yaba masa, ya kira shi tarihin da'awar fararen hula, alhali tarihin masu takarda ya rubuta. Ma'adana tana adana wanda ya tsallake gurbin nan na shafi na uku ne. In kuɗinku ya tsaya a bakin ƙofarta, kun sake tace mutanen da aka riga aka tace sau ɗaya.

Ba zan ɓata muku lokaci kan doka ba, kun fi ni saninta. Yarjejeniyar Hague ta huɗu ta 1907 ta ce a sashe na 3 duk ɓangaren da ya karya dokokin yaƙi wajibi ne ya biya diyya, aka kuma maimaita haka a sashe na 91 na ƙarin yarjejeniyar Geneva na 1977. Amma an fi fassara wannan a matsayin bashi tsakanin ƙasa da ƙasa. A 2012 Kotun Duniya ta yanke, a shari'ar Jamus da Italiya, cewa kotun wata ƙasa ba ta da hurumin gurfanar da wata ƙasar ko da kan laifukan yaƙi ne. Dokar Amurka ta 1942 kan da'awar mutanen ƙasashen waje tana biyan wanda motar soja ta buge wa katanga, amma ta cire duk ɓarnar da ta auku a fagen fama. Mafi ban dariya, in akwai dariya a ciki, shi ne na kamfanin Burmah Oil. A 1942 sojan Birtaniya suka lalata rijiyoyi da matatun mansa a Burma don kada su faɗa hannun Japan. Kamfanin ya bi shari'a har kotun ƙoli ta Birtaniya, ya yi nasara a 1964. Shekara na zagayowa majalisa ta yi doka ta 1965 wadda ta koma baya ta share nasarar. In kamfanin mai da rundunar lauyoyinsa ya sha haka, sai ku auna matar da ta zo da ɗan ƙarfe a jaka.

Bari in daɗe kaɗan a kan Hukumar Diyya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka kafa a Geneva a 1991 bayan Iraƙi ta mamaye Kuwait, domin ita ce kowane ɗalibi yake kafa misali da ita, kuma ta cancanta. Ta karɓi da'awa kusan miliyan 2.7, jimillar abin da aka nema ya kai dala biliyan 352.5, ta amince da biliyan 52.4 ga masu da'awa kimanin miliyan ɗaya da rabi, kuma an biya kuɗin duka, kashin ƙarshe a watan Janairun 2022. Kuɗin daga man Iraƙi aka riƙa yanka, da farko kashi 30 cikin ɗari, daga baya aka yi ta ragewa. Abin da ya fi burge ni da ita shi ne ta gane matsalar rasit tun daga farko. Yawancin waɗanda suka gudu daga Kuwait da Iraƙi 'yan ci-rani ne daga Masar, Indiya, Siri Lanka, Bangaladash, Filifins da sauransu: direbobi, masu aikin gida, leburori. Wanda ya tsallake hamada da kayan jikinsa ba zai zo da fayil ba. Sai hukumar ta ware musu aji na musamman, ta ce duk wanda ya nuna cewa ya bar ƙasar a tsakanin lokacin mamayar za a ba shi ƙayyadajjen kuɗi, dala 2,500 ga mutum ɗaya a mataki na farko, ba sai ya lissafa cokali da tabarma ba. Ta kuma sa ƙananan da'awa a gaba, aka biya su kafin manyan kamfanoni. Ga asarar da ba ta wuce dala 100,000 ba, ta sassauta hujja, ta yi amfani da ɗibar samfuri da lissafin ƙididdiga maimakon bin kowane fayil ɗaya bayan ɗaya.

Wannan duka an rubuta shi, an sake rubutawa, har ya gundure ni a kundin ɗalibai. Ga abin da nake jira in karanta. A lokacin da hukumar ke aiki, mutum ba ya kai da'awarsa Geneva da kansa, ta hannun gwamnatinsa take bi, kuɗin ma ta hannun gwamnatinsa yake dawowa, an kuma yarje wa gwamnatoci su cire ɗan kaso na ɗawainiya. Wanda ba a gano inda yake ba, kuɗinsa komawa asusu yake yi. To mai aikin gidan nan da ta koma ƙauyensu a 1990, ta yi aure ta canza gari, wa ya neme ta? Ta ji labarin fom ɗin ma kuwa kafin wa'adi ya cika? Wanda ya karɓa, shekara nawa ya jira, nawa ya shiga hannunsa bayan ɗan tsakiya ya lasa, me ya yi da shi, ya maye masa gurbin abin da ya rasa ko bashin da ya ci a shekarun jira ya haɗiye shi? Marasa takardar ɗan ƙasa na Kuwait, waɗanda ake kira bidun, ba su da gwamnatin da za ta shigar musu, sai a 2004 aka buɗe musu wata ƙofa ta daban. Talakan Iraƙi kuwa da aka rusa wa gida a yaƙin nan, ƙa'idar hukumar ta cire shi gaba ɗaya, ga shi kuma daga arzikin ƙasarsa ake biyan kowa. Amsar waɗannan tambayoyi ba ta cikin kabad a Geneva. Tana bakin mutanen da yanzu sun haura sittin, a garuruwan da ba jirgi ɗaya ke kai mutum ba, kuma kowace shekara ana rage su. Kamfanin man Kuwait shi kaɗai an yanke masa dala biliyan 14.7, takardun da'awarsa za su jira ɗalibi ko nan da shekara ɗari. Tsohuwar mai aikin gida ba za ta jira ba.

Kada ku ce na raina ma'adana. Wani lokaci ita ce ke tona asirin kanta, in an samu mai karatu da ido biyu. A 1948 Amurka ta yi dokar biyan 'yan asalin Japan da ta kwashe daga gidajensu ta tsare a sansanoni lokacin yaƙin duniya na biyu, mutum kimanin 120,000. An shigar da da'awa sama da 26,000, ana neman dala miliyan 148, abin da aka biya bai wuce kimanin miliyan 37 ba. An nemi hujja a rubuce daga mutanen da aka ba 'yan kwanaki su tattara abin da hannu zai iya ɗauka, ga shi hukumar haraji ta riga ta lalata yawancin takardun harajinsu na shekarun da ake magana. Gwamnatin da ta kore ka ita ce ta zubar da shaidarka, ita ce kuma ke cewa kawo shaida. Sai a 1988 aka dawo aka yi dokar ba kowane mai rai a cikinsu dala 20,000 tare da neman afuwa.

Akwai kuma wanda ya fi wannan tsufa, wanda nake so kowane ɗalibinku ya sani. Bayan yaƙin basasar Amurka, a 1871, an kafa hukumar sauraron mutanen kudu da sojan tarayya suka ɗebe wa dawaki, alfadarai, masara da katako. Sama da mutum 22,000 suka shigar, kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka samu, daga dala miliyan 60 da aka nema aka biya kimanin miliyan 4.6, domin sai ka tabbatar ba ka goyi bayan 'yan tawaye ba. A cikin masu da'awar har da bayin da aka 'yanta. A dokar wancan zamani bawa ba ya mallakar komai, ballantana ya riƙe takarda. Amma sun zo sun ce an ɗauke musu doki, an yanka musu dabbobi, suka kawo maƙwabta suka tsaya suka ce kowa a wurin ya san dabbar wane ce, a gabanmu ya saye ta, a bayan ɗakinsa take kwana. Wasu kuma an biya su a kan wannan. Ashe shekara ɗari da hamsin da suka wuce an taɓa karɓar shaidar maƙwabci a madadin rasit. Da na fara sanin wannan, tela ce ta faɗo mini a rai, don rabin layinsu suna tsaye a waje ranar, da an tambaye su da sun faɗi har launin kekenta.

Batun hujja bai tsufa ba. A watan Fabrairun 2022 Kotun Duniya ta yanke wa Yuganda biyan Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango dala miliyan 325 kan ɓarnar yaƙin 1998 zuwa 2003. Kwango ta nemi sama da biliyan 11. A cikin abin da aka yanke, miliyan 40 kacal ne na dukiyar da aka lalata, kuma kotun ta yi ta nanata cewa hujjojin da aka gabatar mata ba su isa a ƙidaya asarar dalla-dalla ba. Shekara ashirin bayan an ƙone ƙauyukan yankin Ituri na Kwango ake tambayar gida nawa ne, ihu bayan hari. Ita kuwa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, a shari'ar madugun 'yan bindiga Germain Katanga kan harin ƙauyen Bogoro na Ituri a 2003, da ta zo yanke diyya a 2017 ta bi wata hanya: wanda ya nuna yana da gida a ƙauyen, sai ta ɗauka yana da kayan ɗaki, yana da gona, yana da 'yan dabbobi, ta ƙiyasta masa saniya ɗaya, awaki biyu da kaji uku. Mutum 297 ta amince da su, kowanne aka yanke masa dala 250 na share hawaye, ban da tallafin gida, sana'a da karatun yara. Ina so a samu ɗalibin da zai je ya zauna da waɗannan mutane ya ji yadda suka ɗauki wannan ƙiyasi. Mai garke da aka lissafa masa saniya ɗaya, me ya ce? Wadda ba ta taɓa mallakar saniya ba fa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a kundin da nake dubawa alƙali ne kullum ke bayanin yoyon.

Sai batun inda kuɗin ke fitowa, wanda ɗalibai ke tsallakewa kamar ba nasu ba. Hukunci ba kuɗi ba ne. Yarjejeniyar Dayton ta 1995 ta ba wanda aka kora daga gidansa a Bosniya zaɓi biyu, a mayar masa da gidan ko a biya shi. Hukumar da aka kafa ta yanke hukunci kan dukiyoyi wajen dubu ɗari uku, mutane da yawa sun karɓi gidajensu, amma asusun biyan diyyar ba a taɓa zuba masa kuɗi ba, don haka zaɓi na biyu ya tsaya a takarda. Hukumar da ta saurari Habasha da Eritiriya kan yaƙin da suka gwabza ta kammala a 2009, ta yanke wa Habasha kimanin dala miliyan 174, Eritiriya kimanin miliyan 161, wato in an yi ragi kusan an tashi canjaras, kuma gwamnatoci ne masu karɓa. Jamus ta Yamma ita ce ta yi abin da ba a cika yi ba: dokarta ta 1952 ta ɗora wa waɗanda dukiyarsu ta tsira harajin rabin ƙimarta, a biya kaɗan-kaɗan cikin shekara talatin, a raba wa waɗanda suka rasa, har da kuɗin kayan ɗaki. Ko an yi adalci a rabon, wannan abin muhawara ne, amma aƙalla an fara da tambayar wa zai biya.

To me nake roƙo? Na farko dai lokaci. Tallafin shekara uku da aka yanka wa watanni biyu na fita fili ba zai kai ɗalibi ko'ina ba sai ɗakin karatu. Mutumin da aka taɓa yi wa tambayoyi aka rubuta masa "babu hujja" ba ya buɗe baki a zama na farko, ko na uku. Ku sa shekara guda cur ta zama a cikin mutanen, ku sa kuɗin koyon harshe, ku sa albashin tafinta a kasafi da sunansa, a kuma rubuta sunan nasa a kundin in ya yarda. Na yi aikin, na san rabin abin da ake kira sakamakon bincike a bakin tafinta yake ƙulluwa ko ya warware. Kalmar da muka fassara da "mallaka" a teburin nan, a harshen mutanen kalmomi uku ne: abin da ka saya, abin da ka gada tare da 'yan'uwa, da abin da aka ba ka riƙo. Fom ɗin gurbi ɗaya ya tanada. Ni na zaɓar musu, ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ba wanda ya taɓa tambayata yadda na yi.

Sannan ku dubi wa kuke ba wa gurbin. Sharuɗɗanku kan nemi sakamakon jarrabawa na asali, wasiƙun malamai biyu ko uku, shaidar ƙwarewa a harshen jami'a, wani lokaci da kuɗin cika fom. Yarinyar da jami'arsu ta rufe shekara huɗu saboda yaƙi, malamanta suka watse, ofishin da ke riƙe da sakamakonta ya ƙone, ta faɗi tun a shafi na uku, daidai inda tela ta faɗi. Ita ce kuwa ta san harshen, ta san wa ake tambaya a unguwa in ana son sanin gonar wa ta tsaya a ina. Ban ce ku sauke ma'aunin ilimi ba. Na ce ku yi wa masu neman gurbinku sassaucin hujja irin wanda kuke yaba wa hukumar Geneva a kansa. In ba haka ba, abin zai zama ana binciken rashin adalcin neman rasit da kuɗin da sai mai rasit ke samu.

Akwai wani haɗari kuma da ban cika ganin kwamitocinku na ɗa'ar bincike sun kula da shi ba. Duk baƙon da ya shiga garin da aka yi asara riƙe da littafi da biro yana tambayar me kika rasa, a idon mutane rajista ya zo yi. Ko ya rantse cewa shi ɗalibi ne, za a ce ai haka suke faɗa. Wani ɗalibina ya dawo daga fili ya ce mini wani dattijo ya bi shi har tasha da takarda a ninke, jerin kayansa ne da jikansa ya rubuta masa, yana cewa, "Yaro, ka sa nawa a sama, na ji an ce na farko ake fara biya." Ɗalibin ya karɓa don ya kasa ƙi, takardar tana cikin jakarsa har ya kare kundinsa. Wannan nauyi bai kamata a bar wa yaro shi kaɗai ba. Ku wajabta, ku kuma biya, cewa kowane bincike ya haɗa kai da masu ba da taimakon shari'a na wurin, domin in akwai ƙofar da'awa a buɗe a nuna wa mutum ita, in babu a faɗa masa gaskiya. Ku kula da sunaye, domin jerin masu da'awa a hannun da bai dace ba jerin masu filin da za a ƙwace ne, ko na waɗanda suka yi ƙarar soja. Kuma in an gama, a koma. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya samu digiri da labarin asarar mutane, bashi ne a kansa ya koma ya karanta musu abin da ya gano da harshensu, ko da a shafi biyar ne, kuma kuɗin wannan komawar ku ne za ku sa shi a kasafi tun ranar farko, don ɗalibin da alawus ɗinsa ya ƙare ba ya iya sayen tikiti.

Abin da ya sa na ga bai kamata in jinkirta wasiƙar ba shi ne ana kan gina sababbin hukumomi yanzu haka. A watan Mayun 2023 ƙungiyar ƙasashen Turai ta Council of Europe ta kafa rajistar ɓarnar yaƙin Yukren, mai mazauni a Hague, ta fara karɓar da'awa a watan Afrilun 2024, ta kuma fara da gidajen zama, ana shigarwa ta manhajar waya. Rajistar tattarawa take yi, ba ita ke biya ba. Wasu yaƙe-yaƙen da ake yi yau ko irin wannan rajista ba su samu ba. Duk wanda zai zauna tsara fom na gaba, kundin ɗalibanku zai jawo ya duba. In abin da ya tarar shi ne nazari na goma sha biyu kan hukuncin kamfanin mai, zai sake buga shafi na uku yadda yake. In kuwa ya tarar da wanda ya ƙirga mutum nawa suka juya daga bakin layi a wuri kaza, da dalilinsu, da irin shaidar da suke da ita wadda ba a tambaye su ba, wataƙila ya ƙara gurbi ɗaya na ɗan haya, ɗaya na matar da komai ke da sunan mijinta, ɗaya na shaidar maƙwabta.

Nan gaba kaɗan za ku zauna tantance masu neman gurbin bana. Ina roƙon ku ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda kuka saba yi. Bayan ɗalibi ya gama lissafa ma'adanun da zai ziyarta, ku ce masa: waɗanda ba su shigar da da'awa ba fa, ta ina za ka same su, kuma nawa kake bukata? In ya ba da amsa mai ma'ana, ku ba shi abin da ya nema ko da ya ɗara na sauran.

Tela kuwa, da ta tashi tafiya ta ɗauki mabuɗinta ta bar ɗan ƙarfen a kan tebur, ta ce a haɗa da fom ɗin. Jami'in ya ce ba a karɓar kaya, takarda kawai. Na bi ta da shi har bakin ƙofa na mayar mata.

Na gode da haƙurin karantawa. Allah ya yi muku jagora.

Naku,
Wani malamin jami'a, tsohon tafinta.